CIWON HANTA: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Na san da yawanku ci gaban labari kuka leƙo nema, to a yi mini afuwa in ɗan tsayar da ku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar ciwon hanta, musamman irin wanda likitoci suka laƙaba wa harafin C.

A watan Mayu na shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure ba sai ango da amarya sun kawo takardar shaidar an auna jininsu, an duba ƙanjamau, da sikila, da ciwon hanta irin na B da na C. Ina cikin waɗanda suka yi murna da wannan doka, kuma har gobe ina tare da ita. Sai dai akwai abin da nake gani a garuruwanmu na arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa, Bichi, Tsanyawa da Kunchi, har ka zagayo ta Minjibir, Makoɗa da Ɗambatta, wanda yake tayar mini da hankali. Saboda an jera sunan ciwon hanta a takarda ɗaya da ƙanjamau, sai mutanenmu suka zuba su a kwando guda, suka kira su duka ciwon 'yan yawon banza (shi kansa ƙanjamau ɗin ba kowa ne ya same shi ta wannan hanya ba, amma wannan zancen wata rana ne). Da zarar an ce takardar wance ta nuna hanta, shi ke nan, mata su fara ƙus-ƙus a gidan biki, dangin ango su fara kallon hadarin kaji, a wayi gari an aiko karɓar kayan sa rana.

Ciwon hanta irin na C, a ƙasa irin tamu, ba a shimfiɗa ya fi yaɗuwa ba. Ta bakin allura yake shigowa, da ledar jini, da kaifin aska, wato ta hannun mutanen da muka je wurinsu da ƙafarmu neman lafiya, muka biya su, muka yi musu godiya. Kuma ya fi yawa a jikin manya fiye da matasa, ma'ana waliyyin da ke zaune a sahun gaba yana yamutsa fuska a kan takardar yarinya, ya fi ta kusa da zama mai ɗauke da shi, kuma shi ba wanda ya ce ya kawo takarda.

Da farko mu rarrabe, domin kalmar "shawara" ko "ciwon hanta" a bakinmu buhu ce da ake zuba komai a ciki. Akwai irin na A da na E, waɗanda ake sha a gurɓataccen ruwa ko a ci a abinci, su mai da ido ruwan ɗorawa, galibi kuma su wuce cikin 'yan makonni. Akwai na B, wanda shi ya fi yawa a wurinmu, yana bin jini da saduwa da haihuwa. Yana da allurar rigakafi, wadda tun 2004 take cikin jerin rigakafin jarirai a Nijeriya, amma idan ya riga ya zauna a jiki sai dai a danne shi da magani, ba a cika raba mutum da shi ba. Na C kuwa akasin wancan ne: har yau ba a samo masa rigakafi ba, amma yana da maganin da ke kashe shi murus.

Ya daɗe yana ɓarna kafin a san sunansa. A shekarun 1970 wani likita a Amurka mai suna Harvey Alter ya lura cewa mutanen da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da wani ciwon hanta wanda ba A ba ne, ba kuma B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar, daga baya Charles Rice ya tabbatar ita kaɗai ta isa ta haddasa ciwon. Su ukun aka haɗa aka ba kyautar Nobel a 2020. Abin lura a nan shi ne, jinin da aka riƙa ƙara wa mutane kafin wajejen 1990, ko'ina a duniya, ba a gwada shi don wannan ƙwaya ba, domin gwajin ma babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita, kuma ta kashe wajen 240,000 a wannan shekarar kaɗai. A nan gida, babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi gida-gida a 2018 ya samu na B a jikin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, na C kuma mutum 1 da ɗan ɗoriya. Kada mai karatu ya raina wannan ɗayan. In aka bi lissafin, garin da ke da baligai 3,000 ana maganar mutum 30 ke nan, mafi yawansu kuma ba su sani ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mutanen karkara muna da wata irin soyayya da allura. Ka kai tsoho asibiti, likita ya duba shi ya rubuta masa ƙwayoyi, a hanyar dawowa zai ce maka ai ba a yi masa komai ba. Sai an ɗaga riga an soka masa ƙarfe ya ji zafin har tsakiyar kai, sannan ya yarda an yi aiki. Yanzu kuma ga yayin ƙarin ruwa: manomi ya wuni yana huɗa, ya ji jikinsa ya mutu, sai ya aika a kira yaron kemis ya rataya masa leda a ƙusar bango. Mai kemis ɗin nan shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da bashi sai kaka. Ba zan yi musu kuɗin goro ba. Da yawansu mutanen kirki ne, su ne ke tashi ƙarfe biyun dare idan yaro ya shiɗe, lokacin da babban asibiti ke can nesa a kan hanyar da ruwa ya cinye. Amma kirki daban, sanin ƙa'idar aiki daban.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutane da yawa yanzu sun waye, sukan ce a sa musu sabon tsinke. To sirinjin fa? Duk lokacin da aka yi wa mutum allura, ɗan jini kaɗan wanda ido ba ya gani yakan koma cikin sirinji. In aka canza tsinke aka bar sirinji, ba a yi komai ba. Mafi muni, in aka mai da wannan sirinji cikin kwalbar maganin da ake zuƙa wa mutane da yawa, kwalbar gaba ɗaya ta gurɓace, kowa ya zo bayan nan ya samu rabonsa ko da an yage masa sabon kaya a gabansa. Masu bincike sun nuna ƙwayar C tana iya yin makonni da ranta a cikin sirinji ko a busasshen ɗigon jini. Na taɓa fakewa ruwan sama a wani shagon magani ranar kasuwa, kafin ruwan ya ɗauke na ƙirga mutum huɗu da aka shiga da su bayan labule, tsinke huɗu aka jefa a kwali, sirinji kuwa ɗaya ne. Iyayenmu ma ba a magana, domin su sun taso ne a zamanin sirinjin gilashi, wanda ake tafasawa a ɗan kwano a asibitin sha-ka-tafi, in layi ya yi tsawo ko kalanzir ya ƙare a ɗauraye a ci gaba, ga kuma masu allura na yawo da ke bin kasuwanni da jaka.

Wanda yake ganin na zuzuta abin ya dubi Masar. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 hukumomin ƙasar sun yi gangamin yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin Kogin Nilu. Niyya mai kyau ce ƙwarai. Ana jera manoma da 'yan makaranta a layi, a yi wa kowa allura ta jijiya, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, da sirinjin gilashin da ba a tsaya an tafasa yadda ya kamata ba. Miliyoyin mutane aka yi wa. Shekaru suka shuɗe, sai aka ga hantar mutanen karkara tana lalacewa gida-gida. Binciken da aka yi a 2008 ya samu kusan 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 da alamar cutar C a jininsu, adadin da a lokacin babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Waɗannan fa manoma ne masu salla da azumi, irin na Kunchi da Bagwai, babu mai hankalin da zai ce yawon banza ya ba su. A kudancin Kamaru ma an samu cutar ta taru a jikin tsofaffin da aka yi wa allurai ta jijiya a zamanin mulkin mallaka.

Kafin wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba: ban ce a guji rigakafin yara ba. Mu Kanawa mun ga abin da jita-jita ta jawo mana a kan rigakafin shan-inna a 2003, ba ma bukatar maimaici. Sirinjin da ake rigakafi da shi yau irin mai kulle kansa ne da zarar an yi amfani da shi sau ɗaya, ko an so a sake ba zai yiwu ba. Allurar da nake tsoro ita ce ta bayan labule da ta cikin ɗaki, wadda ba ka ga lokacin da aka yage ledarta ba.

Sai maganar wanzamai, kuma a nan zan taka a hankali, domin wanzami ba baƙo ba ne, da shi aka yi sunan kowannenmu. Yankinmu yanki ne da gona ke jingine da gona, gida na hango gida, babu daji babu saura. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta rubutu a kan yadda ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta cika da jama'a, ana noma ta kowace damina ba hutu. Wannan cika albarka ce, amma tana nufin wanzami ɗaya da zabira ɗaya yana iya zagaya unguwa biyar kafin azahar. Nan ya yi askin suna, can ya cire beli, gaba ya yi wa dattijo ƙaho a ƙeya, ya yi wa wani sakiya, in hunturu ya shigo a jera masa yara goma a yi musu kaciya a safiya ɗaya. Aska a goge a tsumma, a wasa a fata, a matsa ga na gaba. Adalci shi ne in ce allura da ƙarin jini sun fi aska ɗaukar alhakin yaɗa wannan cuta nesa ba kusa ba, kuma askin kai zalla haɗarinsa kaɗan ne. Amma ƙaho da kaciya da cire beli, inda jini ke zuba da gaske, ba abin da za a kau da kai ba ne.

Haka 'yan yankan farce, waɗanda da yawansu ƙannenmu ne da ke tafiya cin rani da ɗan almakashi a hannu. A cikin gida ma reza ɗaya ake saƙalewa a saman ƙofa, maigida ya gyara fuska, uwargida ta yanke wa yara farce, in haihuwa ta zo da dare ungozoma ta laluba ta yanke cibiya. Ga kuma sabuwar musibar samarin da ke haɗuwa a kango suna yi wa juna allurar maye da sirinji guda, wadda a Turai da Amurka ita ce babbar hanyar yaɗuwar cutar a yau. Ƙarin jini kuwa, ƙa'ida ita ce a gwada kowace leda kafin a ɗaura wa mutum. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, da yaro mai sikila, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, su ne suka fi bukatarsa, kuma galibi cikin gaggawa. Ko a cikin gaggawar, tambayar "an gwada shi har da hanta?" ba rashin kunya ba ce.

Ba a ɗaukar C ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko musabaha, ko buta, ko tari, ko cizon sauro. Uwa na iya shayar da ɗanta, sai dai in kan nono ya tsage yana jini. Cikin haihuwa 100 ta mata masu ɗauke da ƙwayar, wajen jarirai 6 ne ke ɗauka. Tsakanin miji da mata kuwa, an bi ma'auratan da suka yi shekara da shekaru tare, ɗaya na da ita ɗaya babu, aka tarar ɗauka ta hanyar auratayya ƙalilan ce ƙwarai. Na B ne ya fi bin wannan hanya, shi kuma akwai rigakafin da ake yi wa abokin zama. To don Allah a kan me za a fasa auren yarinya, a ɓata mata suna a gari, saboda allurar da aka yi mata tana 'yar shekara huɗu tana fama da ƙyanda?

Yanzu bari mu leƙa cikin jiki mu ga abin da ƙwayar ke yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ragon layya ya san lafiyayyar hanta, sumul, mai laushi, tana sheƙi. Ta ɗan'adam tana ɓangaren dama a ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Duk abin da ka ci ko ka sha, in ya bar hanji ta wurinta zai fara bi. Ita ke tace dafi, ta sarrafa magunguna, ta ajiye sukari don lokacin yunwa, ta haɗa ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama, ta ƙera sinadarin da ke sa jini ya daskare in mutum ya yanke, da wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Ga ta da haƙuri, ko an yanke wani ɓangare nata tana tohowa. Wannan haƙurin nata shi ke ruɗinmu, domin ba ta kuka da wuri.

Idan ƙwayar ta shiga, mafi yawan mutane ba sa jin komai, ko su ji ɗan zazzaɓi da kasala su ce maleriya ce. Kimanin 30 cikin 100 jikinsu yakan kore ta da kansa cikin wata 6. Sauran 70 ɗin kuwa ta samu wurin zama. Tana hayayyafa a cikin naman hanta, garkuwar jiki na kai mata hari, a wurin wannan faɗan naman ke mutuwa, tabo ya maye gurbinsa. Yau kaɗan gobe kaɗan, shekara 10, shekara 20, mutum na noma, yana ƙara aure, yana zuwa Hajji, kamar rumbun da ke tsaye da jinkarsa alhali gara ta gama da dammunan ciki. Cikin waɗanda ta zauna musu, 15 zuwa 30 cikin 100 kan kai matakin da hanta ke ƙandarewa cikin shekara 20. Ta motse, ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji, irin wadda in mahauci ya gani a dabba jefar da ita yake yi.

Daga nan ne abubuwa ke kwancewa. Wanda ya san noman rani a Watari ya san in hanyar ruwa ta toshe, baya ruwan yake komawa ya nemi inda zai fasa. Haka jinin da ke tahowa daga hanji. In ya tarar hanta ta toshe, sai saifa ta kumbura, jijiyoyin da ke hanyar abinci da bakin tumbi su cika su yi tam, wata rana ɗaya ta fashe mutum ya yi aman jini kwano guda. Ruwa ya taru a ciki ya zama kamar tulu, ƙafafu su kumbura, hannuwa da fuska su rame, ido ya yi ɗorawa, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Dafin da hanta ta kasa tacewa ya hau kai, sai ka ga dattijo mai hankali yana barci da rana, ido biyu da dare, yana sambatu, bai gane 'ya'yansa. A kan wannan ƙandararriyar hanta kuma ciwon daji ke tsirowa, a kowace shekara ga mutum 1 zuwa 4 cikin 100 na waɗanda suka kai wannan mataki.

Mai karatu, ka sake duba waɗannan alamomi ka gaya mini sunan da ake ba su a ƙauye. Ciki ya kumbura, an ba shi a abinci. Aman jini, jifa ce. Sambatu, iska ce. Wa ake tuhuma? Kishiya, ko matar wa, ko wanda ake rikicin iyakar gona da shi. Na san gidan da har yau 'ya'yan ɗaki biyu ba sa ga-maciji da juna, a kan mutuwar magidancin da likita ya riga ya gaya musu da bakinsa cewa hantarsa ce ta lalace. Ban ce babu sihiri a duniya ba. Amma marubutanmu ma suna da nasu kason a nan. Littafi nawa muka karanta inda Alhaji ya kwanta, cikinsa ya kumbura, likitoci suka ce sun duba ba su ga komai ba, sai a babi na gaba a nuno uwargida durƙushe gaban boka? Labari ya yi daɗi, ba musu. Sai dai yarinyar da ta karanta irinsa goma, ranar da cikin mahaifinta ya kumbura ba ɗakin gwajin jini za ta fara tunawa ba, ɗakin abokiyar zaman uwarta za ta kalla.

Akwai kuma masu ƙara rura wutar, kusan dukkansu a tsakar gidanmu suke. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi funfuna mai ɗauke da wani dafi da ake kira aflatoksin, wanda ke jawo dajin hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Mu kuwa mukan tsince mai kyau mu kai Dawanau, mu bar lalatacciyar a gida a yi miya da ƙuli-ƙuli. Yaran da ke wanka a madatsun ruwa irin Tomas da Watari da Jakara suna cikin haɗarin tsargiya, kuma irin da ke zama a hanji ƙwayayenta a hanta suke maƙalewa. Wanda ya haɗa B da C, ko C da ƙanjamau, ko yake da ciwon sukari da ƙiba, hantarsa ta fi saurin lalacewa. Giya kuwa, ga mai kurɓawa a ɓoye, ita ce uwa-uba. Sai haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda a kemis, da farasitamol da ake haɗiya ba lissafi, da jiƙon jarkar nan da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa, wai shi ne na shawara, shi ne na basir, shi ne na sanyi, shi ne na hanta. Hantar da ke fama da kanta, ita ce dai za ta tace duk wannan.

Mu dawo kan takardar aure. Gwajin gaggawa da aka saba yi, wanda ake ɗiga jini a jira 'yan mintoci, ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawunta yake gani. Kamar ka fito da safe ka ga sawun kura a bayan gida, ya nuna ta zo, bai nuna tana nan ba. Wanda jikinsa ya kore ta da kansa, da wanda ya sha magani ya warke, duka sawun zai ci gaba da fitowa a gwajinsu, watakila har ƙarshen rayuwa. Sai an yi gwaji na biyu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira PCR, shi ne ke faɗin ko ƙwayar na nan da rai. Ke nan cikin amare goma da takardar farko ta nuna musu C, ana iya samun uku da ba sa ɗauke da komai. Matsalar ita ce wannan na biyun ya fi tsada, kuma galibi sai an shiga birni, wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Talakan da ya sai da akuya ya yi gwajin farko, da wuya ya kai ga na biyu, sai ya koma gida da rabin labari, a yanke hukunci a kansa.

Sauran bakwai ɗin ma akwai mafita. A da maganin allura ne na wata 6 zuwa shekara, mai jigata jiki, kuma wajen rabi kaɗai ke warkewa. A Disambar 2013 Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna sofosbubir ta kamfanin Gilead, aka sa mata kuɗi dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Yau kamfanoni a Indiya da Masar suna yin irinta, ana haɗa ta da daklatasbir a sha kullum na mako 12, fiye da 95 cikin 100 su warke. Ruwanda ta yi ciniki a dunƙule ta samu maganin mutum ɗaya a dala 60. Masar ɗin nan da ta fi kowa shan wuya ta fara gangami a Oktobar 2018, cikin wata 7 ta gwada kusan mutum miliyan 50, ta ba masu ɗauke da cutar magani kyauta, a Oktobar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da ita. Nan kusa da mu, Gwamna Abdullahi Sule na Nasarawa ya ƙaddamar da shirin jiharsa na yaƙi da ita a 2020. Amma fa ba magani ba ne da za a aika yaro ya sayo. Dole likita ya fara duba ko akwai B, domin yana iya tasowa lokacin shan maganin C. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare zai ci gaba da zuwa hoton ciki duk wata 6 ko bayan ya warke. Kuma wanda ya warke, in ya koma wa gurɓatacciyar allura, zai iya sake ɗauka.

Roƙona ga gwamnati shi ne, tunda ta wajabta gwajin farko, ta sauƙaƙa na biyu. Na'urar da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitoci da dama tana iya yin gwajin ƙwayar C in an samar mata kayan aiki, ba sai an gina sabon abu ba. A kuma fitar da gwajin daga ƙofar ɗaurin aure a kai shi inda manya suke: duk wanda ya haura shekara 40, duk wadda aka taɓa ƙara wa jini, duk wanda ya san jikinsa ya sha allurar bayan labule. Limamai da waliyyai kuwa, in takarda ta nuna C, a rufa wa yara asiri a tura su gwaji na biyu. In ma an ga dole sai an jinkirta biki, magani wata 3 ne, a sake gwaji bayan wasu wata 3 a tabbatar an rabu.

Wanzamai ba a bukatar a kore su, a kira su ake bukata. Suna da shugabanci, suna da Sarakunan Aska, kuma suna jin maganar hakimai da dagatai. Akwai mariƙin da ake sa wa sabuwar reza a cire a yar bayan mutum ɗaya, da yawansu a birni sun riga sun koma kansa. Ƙaho da almakashi da askar da ba a iya yarwa, a wanke su da sabulu jinin ya fita tas, sannan a tafasa su minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Gogewa da tsumma ko ratsa su ta harshen wuta sau ɗaya bai wadatar ba. Wanzamin da zai yi wa yara goma kaciya a hunturun bana, a gaya masa tun yanzu ya zo da reza goma, kuɗin kuma a ɗora a kan iyayen yara.